Muryar Baba Ta Makara

Tun yana saurayi aka laƙaba masa Darakta, sunan kuwa ya bi shi har furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Laifinsa bai wuce ɗaya ba. Wani maƙwabci ya taɓa ba su aron kyamarar bidiyo irin mai cin ƙaramin kaset, shi kuma ya rataya ta a wuya ya wuni yana ba mutanen gida umarni, wannan ya matsa, waccan ta daina washe baki. Yanzu tuƙin mota yake koyarwa, aikin da ya mayar da shi mai haƙurin dole, amma a gidan Inna har gobe Darakta ne.

Wata safiya ya biya gaishe ta kafin ya wuce aiki, ya same ta a falo tana goge hoton marigayi Baba da gefen mayafinta. Shekarun nan kunnen Inna ya yi nauyi. Likita ya maƙala mata ɗan abin ji, amma ita da bakinta takan ce rabin aiki yake yi, sauran rabin na ido ne. Sai ta kalli leɓen mutum sannan maganarsa take fitowa sarai. Shi ya sa duk mai son magana da ita sai ya zagayo gabanta, wanda kuwa ya yi mata magana ta baya, da bango ya yi.

"Zauna," ta ce. "Wani abu ke damuna, kuma ban yarda ka yi min dariya ba."

"Ni na isa, Inna?"

"Muryar babanku ta ɓace min." Ta ajiye hoton a cinyarta. "Fuskarsa ga ta nan. Tafiyarsa ina gani, har yadda yake ɗage gira in an ɓata masa rai. Amma in na ce bari in tuna yadda yake magana, sai in ji shiru. Jiya ina shara na yi ta ƙoƙari, muryar mai karanta labarai a rediyo ce ta riƙa zuwar min."

Tausayinta ya kama shi har ya rasa inda zai sa idonsa. Bakinsa ya riga tunaninsa, ya ce, "Ai akwai kaset ɗin nan da na ɗauka. Ki ba ni mako ɗaya, zan kawo miki muryarsa har falon nan."

Kaset ɗin yana nan inda kowa ya manta da shi, cikin gwangwanin biskit a saman kabad, tare da mukullan ƙofofin da babu su yanzu. Wani abokin aikinsa ya tono masa tsohuwar kyamara, ya sayo wayar da ake haɗa ta da kwamfuta, ya jona komai a ofishin makarantar tuƙi. Kwamfutar ofishin kuwa baiwar Allah ce, ta tsufa, ga shi a lokacin tana nuna wa ɗalibai alamomin hanya, sakatare kuma na buga takardu da ita. A haka Darakta ya ɗora mata kwashe kaset. Da ta gama ya kalli farkon, ya ga Baba ya ce a zauna bakinsa kuma ya ce a zauna, sai ya rufe yana jin kansa gwani. Mutumin da kullum yake gaya wa ɗalibai su duba hanya har ƙarshenta kafin su shiga.

Ranar kallo falon Inna ya cika. Yaya, babbar 'yar gidan, wadda ta gaji ba da umarni daga Baba ba tare da kowa ya ba ta ba, ta zo da 'ya'yanta ta raba wa kowa wurin zama. Aka ja labule, aka sa Inna a kujerar gaba dab da talabijin.

Ga tsohon gidansu, ga barandar da bishiyar lemo ke leƙowa. Ga Baba a kujerarsa ta katako, da tabarau a hanci da agogo a hannu. Ma'aikacin tashar jirgin ƙasa ne har ya yi ritaya, mutumin da in ya ce ƙarfe bakwai, to bakwai saura yake nufi. Inna ta matso gaba har gwiwarta na taɓa teburin.

Da farko komai lafiya. Can sai Darakta ya lura bakin Baba yana rufewa magana ba ta ƙare ba. Aka ƙara gaba kaɗan, abin ya ƙara lalacewa. Baba ya buɗe baki da fuskar nan tasa ta hukunci, ya ɗaga yatsa, sai dariyar ƙanwarsa Goggo ta fito daga bakinsa, dariyar nan tata mai kama da an taka wa kaza ƙafa. Goggo kuma ta bayyana tana gyara ɗankwali, ta buɗe baki da ƙatuwar muryar namiji tana faɗan an bar famfo a buɗe. Jikoki suka zube a ƙasa. Da aka kai inda Baba ya yi hamma zakaran maƙwabta ya yi cara daga maƙogwaronsa, Yaya kanta sai da ta riƙe ciki.

"Baba da bai taɓa makara ba a rayuwarsa," ta ce tana share hawaye, "yau ga muryarsa ta makara. Da yana nan da ya kore ta daga aiki."

Darakta ma ya yi dariya, don abin da dariya. Inna ta ɗan murmusa saboda ta ga kowa na yi. Amma yana kallonta ta gefen ido. Ta ƙura wa bakin Baba ido, ta karkata kunne, ta taɓa abin jinta, ta sake ƙurawa. Abin da ya zame musu wasan kwaikwayo, ita hayaniya ce kawai. Leɓe na faɗin wani abu, kunne na kawo wani, ba ta samu ko kalma ɗaya ta riƙe ba. Can ta miƙe ta ce bari ta duba ruwan zafi. Ya bi ta kicin, ya tarar babu komai a kan wuta.

"Ka yi ƙoƙari," ta ce, ba ta juyo ba. "Na dai gan shi yana motsi. Wannan ma wani abu ne."

Wannan godiyar ta fi zagi yi masa ciwo.

Washegari ya ɗauki kaset da kyamara ya nufi shagon Mai Bidiyo, wani ɗan lungu tsakanin mai aski da mai yanka mukulli. Mace ce mai fara'a, aikinta haɗa bidiyon taro, kuma tsohuwar ɗalibarsa ce. Ita ce wadda ta taɓa ja da baya ta kwantar masa da allon makarantar tuƙi, ta fito tana tambaya wa ya matso da shi. Tana ganinsa ta ture kofin shayinta gefe.

"Malam da kansa. Yau me na taka?"

Ya kunna mata abin a waya. Ta kalli Baba yana cara, ta yi dariya har mai aski ya leƙo. Da ya gaya mata zancen Inna sai ta daina, ta jawo masa kujera.

"Da kake kwashewa, kwamfutar na wani aiki?"

"Kaɗan."

"Malam."

"To, da yawa."

"Shi ke nan. In ta gaji sai ta riƙa zubar da hotuna ɗaya-ɗaya a hanya, sauti kuwa ba ta zubar da ko ɗigo. Hoto ya gajarce, sauti yana nan da tsawonsa. Shi ya sa farko daidai, ƙarshe kuwa zakara." Ta miƙa hannu ya ba ta kaset ɗin. "Za mu sake kwashewa a tawa, ba abin da zai motsa sai shi. Amma kai za ka zauna a kujerar direba. Ni ina gefe."

Ya gane ramuwa ce, ya kuma san ya cancanta.

Sabon kwashen ya fi na farko nesa ba kusa ba, amma bai warke duka ba. Kaset ɗin ya tsufa, ga shi Darakta na wancan zamani yana da hannun kashe kyamara da kunnawa, wai yana tattalin batir. Duk inda ya kashe akwai ɗan gurbi mai yayyafi, kuma a kowane gurbi sauti sai ya ƙara zamewa. Mai Bidiyo ta nuna masa allon. Layin hoto a sama, layin sauti a ƙasa kamar haƙoran zarto.

"Za ka yanka a kowane gurbi, kowane yanki a gyara shi shi kaɗai. Abin da muke nema abu ne da ido zai ga ya faru, kunne kuma ya ji shi ƙwal ɗaya. Masu fim kafin su fara sukan tafa wani ɗan allo a gaban kyamara don wannan. Kai da ake kira Darakta, ka tafa ko sau ɗaya?"

"Ban san ana yi ba."

"To wa ya ba ka sunan?"

Suka shiga nema. An buga ƙofa, amma ƙofar ba ta cikin hoto. Goggo ta tafa hannu, amma gwanin ɗauka ya yanke ta daga wuya. Cokali ya faɗi a bayan kujera. Suka gwada bin leɓen Baba, sai dai gashin bakinsa ya rufe rabin aikin. Darakta ya ja sauti hagu, ya ja dama, gumi na tsattsafo masa, ita kuwa tana kurɓar shayi tana cewa, "A hankali, Malam. Saki hannunka. Kada ka kalli ƙasa, kalli gabanka." Kalmominsa ne, ko wasali ba ta canza ba.

Yana shirin cewa su haƙura sai ya ji wani sauti da ya sa bayansa ya miƙe da kansa a kan kujera. Ƙwas.

"Mene ne wannan?" ta tambaya. "Ka ga yadda ka zabura kuwa?"

"Gidan tabaran Baba."

Wani gidan tabarau ne na ƙarfe mai ƙarfin baki. Duk lokacin da Baba zai yi faɗa ko nasiha, wadda a wurinsa duk abu ɗaya ne, sai ya ciro tabarau ya saka, ya ɗaga gidan daidai ƙirjinsa ya rufe shi da yatsa biyu. Wannan ƙarar ita ce ƙararrawar gidan. Da an ji ta, mai tauna ya daina tauna, mai gudu ya tsaya. Babu sautin da Darakta ya tsana a yarintarsa kamar shi.

Mai Bidiyo ta nuna layin ƙasa da bakin biro. A tsakiyar ƙananan haƙoran nan ga wani tsini ɗaya dogo kamar ƙusa. "Ga ƙarar. Yanzu nemo min hoton da murfin ya haɗe."

Ya riƙa danna maɓalli, hoto na tafiya ɗaya bayan ɗaya. Yatsun Baba suka sauko, murfi ya kusa, ya kusa, ya haɗe. Ya jawo ƙusar ya ajiye ta daidai ƙarƙashin wannan hoton, ya kunna. Ƙwas. Baba ya buɗe baki ya ce, "Wa ya bar fitilar bayi a kunne?" da muryarsa, a bakinsa, a kan lokaci. Saura kaɗan Darakta ya amsa da ba shi ba ne.

"Allah ya sa yana yawan yi," in ji Mai Bidiyo.

"Wa? Baba?" Ya yi dariya. "Ki dai shirya."

Ai kuwa Baba bai ba su kunya ba. Kusan kowane yanki akwai ƙwas a cikinsa, wani ma biyu, ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe, don a wuni guda ya yi faɗan famfo, ya yi na fitila, ya yi na takalman da aka watsar a ƙofa, ya yi na Darakta da ke haska masa kyamara a fuska. Inda aka samu biyu, Mai Bidiyo ta koya masa ya kafa na farko, sannan ya ɗan tsuke sautin har na biyu ya hau wurinsa. Garin zumuɗi ya tsuke da yawa, Baba ya koma magana da muryar ɗan yaye, suka yi dariya suka mayar. Darakta ya kama kansa yana addu'ar Baba ya ƙara faɗa, abin da bai taɓa roƙo ba tun da aka haife shi.

Yankin ƙarshe ne ya gagara. Ya ma manta ya ɗauke shi. Ta tagar ɗaki ya saci ɗaukar, da yamma bayan baƙi sun watse. Baba na zaune shi kaɗai a gindin bishiya, ba tabarau, ba gidan tabarau, ya cire agogo ya ajiye a gefe, yana shan lemo. Sautin can ƙasa-ƙasa yake, ana jin yana magana da wani da ba a gani, amma bakinsa ba ya hutawa. In ba magana ba tsotso, in ba tsotso ba tofar da 'ya'yan lemo. Duk inda suka ajiye sautin sai ya yi kamar ya dace, kuma bai dace ba.

"A yanke shi kawai," in ji Mai Bidiyo. "Sauran ya isa."

Darakta ya daɗe yana kallon allon. Duk sauran kaset ɗin Baban faɗa ne, wanda 'ya'ya suka sani. Wannan na gindin bishiya, mai kafaɗu a sake, shi bai san shi sosai ba, kuma zuciyarsa ta ba shi cewa wannan ne Inna take nema.

"Akwai wadda ta fi mu sanin bakin nan," ya ce.

Washegari da hantsi ya ɗauko Inna a motar koyon tuƙi, Yaya ta shiga baya ba a gayyace ta ba, tana gaya masa inda zai bi. A shagon aka ba Inna kujerar direba. Mai Bidiyo ta durƙusa ta gaishe ta, ta sa mata babban abin sauraro mai rufe kunnuwa, ta ƙara ƙarfin sautin, ta kuma buɗe lasifika don su ma su ji. Darakta ya zagayo gabanta yadda za ta ga bakinsa.

"Inna, muryar tana nan, bakin yana nan, haɗa su ne ya gagare mu. Ki kalle shi. Ni zan riƙa matsar da maganar, ke ki gaya min."

Aka kunna. Inna ta kalli mijinta a gindin bishiya, ba ta ko ƙifta ido.

"Wannan ba magana yake ba, tsotso yake," ta ce. "Wuce. Nan ma ɗan lemo ne ya shiga masa haƙori. Wuce. Yawwa, ka ga ya goge gashin baki da bayan hannu? To yanzu zai yi magana. Ba ya magana da baki a jiƙe."

Darakta ya jawo sautin zuwa wurin.

"Ta riga shi. Mayar da ita baya." Ya mayar. "Ka yi yawa, yanzu ta makara. Kai da mota ma haka kake koya musu?"

Mai Bidiyo ta juya baya kafaɗunta na rawa. Ya riƙa matsarwa kaɗan-kaɗan, hoto ɗaya, hoto ɗaya, har Inna ta ɗaga hannu.

"Tsaya nan."

Ya mayar farkon yankin ya saki. Baba ya goge gashin baki, ya ɗaga ɓawon lemo sama, ya kalli wajen kicin, ya ce da wata murya mai taushi da 'ya'yansa ba su san yana da ita ba, "Ranki ya daɗe, shugabar tasha. Lemon nan naki na yau tsami gare shi."

"Shi ya sa ka shanye rabin kwandon," in ji Inna.

A shagon ta faɗa, tana kallon allo. A daidai wannan lokacin kuma, daga cikin kaset, wata murya ta mace mai sauran ƙuruciya ta fito daga kicin ɗin tsohon gida ta faɗi kalmomin nan, ba gaba ba baya, har muryoyin biyu suka hau kan juna. Sai Baba ya kwashe da dariya, tasa ta kansa, mai zurfi, har yana buga gwiwa.

Yaya, wadda ba a taɓa rasa magana a bakinta ba, ta toshe baki da mayafi. Darakta ya ji daɗin da bai ji irinsa ba tun ranar da aka haifa masa ɗiyar fari, ga kuma kewar Baba ta taso masa a lokaci guda, bai san wanne zai fara ji ba.

"Haka take," in ji Inna a hankali. Hawaye na gangarowa, tana murmushi. "Haka muryarsa take. Yaya aka yi na manta?"

"Ita dai Inna ba ta buƙatar gyara," in ji Mai Bidiyo tana jan hanci. "Daidai ta shigo."

"Shugabar tasha?" Yaya ta samu bakinta. "Inna, dama haka yake kiranki? Mu ya bar mu da faɗan famfo?"

Nan fa surutu ya ɓarke. Yaya na cewa a tura mata a waya yanzu-yanzu, Mai Bidiyo na bayanin sai an haɗa yankunan tukuna, Darakta na cewa ai shi ya ɗauka tun asali, a riƙa tunawa, mai aski ya sake leƙowa da almakashi a hannu yana tambayar wa ya haihu. Inna kuwa ta buɗe jakarta ta lalubo wani abu daga ƙasa, tsohon ƙarfe da fentinsa ya goge a gefuna. Ta ɗaga shi daidai ƙirjinta.

Ƙwas.

Yaya ta yi shiru a tsakiyar kalma. Darakta ya ga bayansa ya miƙe da kansa.

Inna ta gyara abin sauraron a kunnenta, ta juya ga allon.

"A mayar min da shi daga inda ya goge baki," ta ce. "Kuma kowa ya yi shiru, babanku na magana."